Lemar Aro Za Su Hau Babban Dandamali

Zuwa ga Chizuru, sanyin idona, raɓar safiyata, iskar da ke gangarowa daga tsauni ranar da zafin Nagoya ke dafa mutum da ransa! Ke ce ruwan sha'ir mai ƙanƙara bayan tashi daga aiki, ke ce yayyafin farko a kan gonar shinkafa, ke ce kuma ciwon kaina tun shigowar daminar nan.

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya yi fushi ya rasa inda zai ajiye fushin. Na zaɓi takarda ne saboda in na kira ki, kafin in buɗe baki kin ce, "Moto, tsaya, ji wannan tukuna," kin kara min wayar a jikin lasifika. To, takarda dai ba ta da lasifika. Yau sai kin ji ni har ƙarshe.

Haba, Chizuru! Tun da aka fitar da sunayen masu wasa a bikin kiɗan kan tsauni na bana, na huta? Manyan mawaƙan da aka rubuta ɓaro-ɓaro a saman fosta ko kallo ba su ishe ki ba. Can ƙasa kike sa farce kina tono, inda rubutun ya koma kamar ƙwayar riɗi, wurin waɗanda ba kamfanin da ya ɗauke su, ba gidan rediyon da ya san da zamansu. Duk Lahadi da la'asar kin ja ni mun gangara wani ramin kiɗa, irin gidan rawar nan na ƙarƙashin ƙasa, a bayan kasuwar Osu, wai mu riga kowa jin su kafin biki. Ni da nake wuni cikin rugugin injin masana'anta duk mako, ranar hutuna ma rugugi! Na tsaya na ji Firjin Maƙwabci, da mai gangarsu da ke duka kamar ya kama ɓarawo. Na ji yarinyar nan mai rera waƙa cikin tukunyar dafa shinkafa. Na ji samarin da suka yi ta jan sauti ɗaya har ƙafata ta mutu, da na raɗa miki yaushe za a fara waƙar, kika harare ni kika ce ai an kusa gamawa. Na yi ƙorafi? Tafi na yi, har faifan da suka manna wa hoto da hannunsu na saya. Duk na shanye, farin watana, don in na juya na ga kin lumshe ido kina kaɗa kai, sai in ji kunnen nawa ba a banza ya mutu ba.

Amma abin da kika faɗa a shagon taliya ranar Lahadin da ta wuce, shi ne ya fi ci min rai. Na ce miki ƙungiyar Lemar Aro za su hau babban dandamali ranar rufe biki, da faɗuwar rana, ina ta washe baki kamar ƙannena ne. Ko ɗago kai ba ki yi daga kwanon ba. Cewa kika yi, "Waɗannan ai sun gama. Har a kantin bakin titi ake sa waƙarsu yanzu. Kai ka je abinka, ni ina ƙaramin dandamalin cikin daji, akwai wasu yara daga Kochi da ba wanda ya san su." Sun gama? Lemar Aro, Chizuru? Namu?

Ko kin manta ne? Ranar da ruwan sama ya koro ni gidan kiɗan Sumie, ban san kowa ba, ban san komai ba, wurin fakewa kawai nake nema. Sumie na zaune a bakin matakala, ta yi min tambayar da ake yi wa duk mai shiga, don a san ƙungiyar da ta jawo shi: "Wa ka zo gani, saurayi?" Ina tsaye, ruwa na ɗiga daga gashina. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa a bayana: "Ce Lemar Aro. Ba su da kowa yau." Na faɗa. Muka gangara muka tarar masu kiɗan sun fi masu kallo yawa: daga ni sai ke, sai mahaifiyar mai jita da ta cusa auduga a kunne. Da suka kai kan waƙar nan ta wankin da aka manta a igiya ruwa ya doke shi, kika kama hannun rigata ba ki ma sani ba, ba ki saki ba har aka kunna fitila. Da muka hauro, Sumie ta dube mu ta ce, "Iye, saurayi! Ka shigo ba lema, za ka fita da mai lema." Wayyo, zuciyata! A ranar muka sayi tawul ɗinsu mai ruwan ɗorawa, kowa ɗaya. Nawa yana ninke a inda nake ajiye rigunan fita. Naki na gan shi ɗaure a ƙarƙashin sirdin kekenki, kina goge sarƙa da shi. Ranar ban iya cin abinci ba.

Me suka yi miki, don Allah? Muryar mawaƙin ce ta sake? Ba shi ne dai har yanzu yake rufe ido yana taka wayar jitarsa ba? Laifinsu ɗaya, mutane sun so su. Na daɗe ina kallon ki, ƙamshin furen bazarata. Kina son abu muddin ke kika tono shi, muddin akwai sauran abin da ba ki ji ba a cikinsa. Ranar da kika haddace shi, kin juya kina neman wani ramin.

To bari in faɗa miki ƙiri-ƙiri abin da ya hana ni sakat: tsoro nake ji. Ni ma a bakin rami kika tsince ni, a jiƙe, ba wanda ya san ni. Yanzu kin haddace ni tas. Kin san abin da zan ce kafin in faɗa, kin san inda zan yi dariya a labarin kakata da kuliyarta, har ƙarasa min shi kike yi idonki na kan waya. Ba ni da sabon faifai, Chizuru. Ba zan iya yin waƙa cikin tukunya don in ba ki mamaki ba. Ni ma na gama ke nan?

Ban ce ki bar tone-tonenki ba, shi ya haɗa mu. Sauran kwanakin bikin duk naki ne. Zan goya tanti, in zura takalmin roba, in bi ki cikin taɓo daga wannan daji zuwa wancan, in tafa wa duk wanda kika nuna, ko da murfin kwandon shara yake kaɗawa. Faɗuwar rana ɗaya tak nake roƙo. Yaran Kochi za su zo Osu, Sumie ma ta ce tana neman su. Ni zan tsaya hagu da rumfar masu sauti. Dubban mutane za su ɗaga tawul mai ruwan ɗorawa suna juyawa a sama, amma ba za ki sha wuyar gane ni ba: nasu sababbi ne, nawa ne kaɗai ya koɗe.

A ƙofar biki ba mai tambayar wa ka zo gani, shaidar tikiti kawai za a ɗaura maka a hannu ka wuce. Ko Sumie ta daina tambayata. In ta hango ni a bayanki sai ta ce, "Wuce, kai wadda ka zo gani ba ta cikin masu wasa." Kowa ya gani, Chizuru, sai ke mai kunnen da ke jin abin da ba wanda ya ji!

In suka fara waƙar wanki hannun rigata na reto ba wanda ya kama, na samu amsata, ba sai kin wahalar da bakinki ba. Ko a hakan ba zan gusa ba sai sun sauka. In kuwa za ki zo, kwance tawul ɗin nan daga keke ki wanke shi. Kai, bar wankin ma. Zo da shi da baƙin mansa.

Naki har kunnena ya daina ji, wanda ke sa waƙa ɗaya har faifan ya cinye, ya kuma sake sa shi daga farko,

Motoharu