Unguwar da Ake Gaida Kare

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ya yara?

Lafiyata lau, kada ku damu. Unguwar da nake aikin reno tsaf take, ga itatuwa, ga filin wasa, sai dai shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Yaro ba ya shiga maƙwabta sai iyaye sun sa rana! Rannan na ƙwanƙwasa wa maƙwabciya don mu gaisa, ta leƙo a firgice: "Lafiya? Gobara ce?" Amma karen uwar ɗakina, har tsugunawa take ta gaishe shi. Me suke yi da bakinsu duk yini?

Don Allah ajiye wayarki a tsakar gida, ki ɗauko min hayaniyarku ki turo. Ko faɗan yara ne, ina so.

Allah ya sada mu.
Autarku