Ƙosan da Na Kai Maka Hakodate

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Mamanka ce, daga Laurel. Ina gaishe ka da fatan makwancinka a yalwace yake, da haske a ciki. Mu muna nan lafiya, sai gwiwar nan tawa da ka sani. Zainabu ƙanwarka ta ce in daina rubuta maka a inda mutane ke karantawa, na ce su karanta mana, wa zan ɓoye wa.

Abba na je Japan. Ni ɗin nan. Shekara shida kana aiki a Hakodate kana cewa Mama ki zo ki ga teku, ni kuma kullum da abin da zan faɗa. Ba a ba ni hutu a gidan kula da tsofaffi ba, jirgin ya yi nisa, ni ba na cin ɗanyen kifi. Sai ka yi dariya ka ce to baɗi. Har zuciyarka ta tsaya a wurin aiki, aka kawo mana kai cikin akwati muka binne ka a nan Maryland. Da ka cika shekara na kasa zaune na kasa tsaye. Na ce Zainabu ta nemo mana tikiti, sai na yi maka sadaka a garin da ka cika.

Garin wake na saya a shagon 'yan Afirka na Beltsville, da barkono, na cusa a tsakanin zannuwa.

Garin Hakodate yana nan yadda kake faɗa. Iska mai sanyi da ƙarnin kifi, jiragen ruwa a jere, ga dutsen nan a ƙarshen gari, ga ɗan jirgin ƙasa yana bin tsakiyar titi kamar bas. Ko leda ɗaya ban gani a ƙasa ba. Kuma shiru Abba, shiru har ni da bakina ba ya rufuwa na koma raɗa.

Mun sami tsohuwar da ka yi haya a gidanta. 'Yar ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. Ɗakinka wani ya shiga, daga waje kawai ta nuna mini tagar, wadda ke kallon ruwa. Sai ta yi magana a waya, waya ta juya Turanci, Zainabu ta juya mini da wannan Hausar tata rabi da rabi. A haka na roƙe ta aron kicin, ta ba ni.

Ran Juma'a da safe na soya ƙosai roba biyu manya. Ya tashi sosai, irin wanda kake tsayawa a kaina kana ɗauka da zafinsa. Na ɗauka muka fita neman mabuƙata. Tasha, bakin ruwa, kasuwar kifi, babu mai miƙa hannu. Kowa da jakarsa yana sauri. A gida kafin ka sauke kasko an taru, ko a nan Laurel masallaci zan kai a cinye. Ina tsaye a bakin titi da roba a hannu, ƙosai na hucewa.

Tsohuwar ce ta ce mu ba maƙwabtanka. Muka bi layin gida gida. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya, ya ambaci sunanka na yanka, sunan mahaifina da bakina bai taɓa faɗa ba. Na koma masauki zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na ce alhamdu lillahi, na sauke.

Washegari muka koma yi wa tsohuwar sallama, sai ga maƙwabtan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa da kwali an naɗe shi da takarda mai kyau. Tawul, alewar wake, busasshen kifi. Na ce na mene ne? Aka ce al'adarsu ce, wanda aka ba abu sai ya rama.

Ai sadaka ba a rama ta. In an rama ta zama biki irin namu na mata, ki ba ni in ba ki, to wane lada ne zai iso ka? Na tsallake duniya don abu ɗaya da ya rage zan iya yi maka, ga shi an dawo mini da shi a kwali.

Na ƙarshensu wani tsoho ne mai sanda. Da ya miƙo nasa na tura masa, na girgiza kai. Bai janye ba. Ya sunkuya ya tsaya a haka, hannuwansa a miƙe. Zainabu tana taɓa ni tana cewa da Turanci ina kunyata shi. Na ce ta gaya masa don Allah na yi, ba a biya.

Sai ya nemi wayar. Ya daɗe yana magana. Ya ce duk lokacin sanyi, kafin ka tafi aiki, kai kake kwashe masa dusar ƙanƙara daga ƙofa har titi da shebur. Ya ce safar hannunka siririya ce, yana ganin kana hura yatsunka. Ya sayo maka mai kauri ka ƙi karɓa, shekara ta zagayo ya sake kawowa ka ƙi, ka ce mamanka ta hana. Ya ce wannan kwalin ba na ƙosai ba ne. Zainabu tana kuka ta faɗa mini ƙarshen maganarsa:

“Ke kika hana shi karɓa. To ke ki karɓa.”

Na karɓa Abba. Da hannu biyu, yadda suke yi.

Da muka dawo na tambayi malam a masallaci, ya ce sadaka tana nan, niyya Allah ke dubawa. Na yarda. Tawul da alewar na raba wa tsofaffin wurin aikinmu. Safar hannun da na tarar a kwalin tsohon ce na kasa bayarwa.

Na tuna ranar da na hana ka. Kana ɗan shekara bakwai a Kano, ka ɗauko wa tsohuwar maƙwabciyarmu itace ta ba ka dafaffen ƙwai, na sa ka mayar kana kuka, na ce abin da aka yi don Allah ba a karɓar komai a kai. Ni har na manta. Ashe kai ka riƙe har ƙarshen duniya, yatsunka suna daskarewa sanyi shida. Da na zo sau ɗaya, da na gani, da na ce maka Abba karɓi, sa abinka, ba haka nake nufi ba.

Ka yafe mini ɗana. Allah ya jiƙanka, ya karɓi taka sadakar da tawa, ya sa duk ƙofar da ka share ta tsaya maka ranar tsayuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu a inda babu sanyi.

Mamanka,
Laurel