Fedal ɗin Sa'idu

Litinin, 8 ga Maris 2004

'Yata Barira ta sauka lafiya da hantsi. Mace. Jikata ta fari. Na rufe butik, shagona, na bi unguwarmu Gataa El Oued ina raba dabino har ga waɗanda ba mu gaisawa. Matata Gwamma ta ce in zauna, tsoho da ni ina yawo kamar ɗan akuya. Na ce mata na yi amarya, ta fara neman inda za ta koma. Don murna rubutun nan ya karkace. Malaminmu na lekkol ta yamma da ya gani da ya sa na sake.

Laraba, 10 ga Maris

Gida cike. Kowa na shiga yana fita da abu: turmi, tabarma, babbar tukunya. A satin haihuwa ba a hana aro, haka muka taso can gida Damagaram.

Idrisa maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya zo barka. Shi ma yana taɓa gitar a bukukuwa. Ya ce yana son ya shirya wa jaririya kiɗa ranar suna, in ba shi aron fedal ɗin Sa'idu. Sa'idu mijin Barira ne, ɗakinsa na cikin gidana, yana wurin gini lokacin. Fedal wani baƙin akwati ne da ake sawa a ƙasa tsakanin gitar da lasifika, ana taka shi, lamba ta fito da jar wuta, murya ta canza. Wata lambar ta sa gitar rawa, wata amsa-kuwwa, wata kamar mutum biyu ke kaɗawa. Na shiga ɗakin na ɗauko na ba shi. Ban ma yi tunani ba.

Juma'a, 12 ga Maris

Idrisa ya maido da shi bayan masallaci, yana murna wai ya gyara muryoyin, ya zuba nasa. Ashe abin yana riƙe murya a cikinsa, kuma in ka aza sabuwa a kan lamba, ta da ta tafi ke nan.

Sa'idu ya haɗa wayoyi, ya taka, ya kaɗa sau ɗaya. Ya sake takawa. Sai ya naɗe wayoyin a hankali ya fita.

Barira ce ta gaya mini. Akwai lambar da abokinsa Baƙo ya shirya da hannunsa, wata da watanni yana murɗa maɓallai har ta yi masa. Baƙon da ya rasu bara, da mota ta kife da su a hanyar Hirafok. Ba su taɓa ɗaukar kaset ba. Abin da ya rage na kiɗansa ke nan.

Asabar, 13 ga Maris

Sa'idu ya durƙusa ya gaishe ni da safe kamar kullum. Da ma ya zage ni.

Lahadi, 14 ga Maris

Na kira shi zaure. Na fara magana, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, kayana naka ne." Suruki ba ya ƙorafi gaban surukinsa, ni kuma ba ni da ƙofar da zan shigar da ban haƙuri. Na ce zan sayo wani daga Alje, babban birnin ƙasar nan. Ya ce wannan lafiyarsa lau.

Gwamma ta ce tukunya ce ake aro, ita in ta dawo ka wanke. Ta kuma ce Sa'idu ya je unguwar Sersouf duba ɗaki. In ya tafi, da Barira da jaririyar zai tafi.

Litinin, 15 ga Maris

Suna. Zainaba. An yanka rago, an yi addu'a. Da la'asar Idrisa ya yi kiɗa, mata suka yi guɗa. Sa'idu yana raba shayi, bai taɓa gitar ba. Na riƙe amaryata a cinya, ina dariya da mutane, ina satar kallonsa.

Alhamis, 25 ga Maris

Idrisa ya zo ya ce zai gwada maido da muryar. Bai taɓa jin ta ba, me zai maido? Laifin ba nasa ba ne.

Lahadi, 18 ga Afrilu

Barira ta gama wanka, sun tare a Sersouf jiya. Sa'idu ya ce ya fi kusa da wurin aiki. Ƙarya ce mai ladabi, na karɓa. Gwamma ta share ɗakin, ta rufe.

Juma'a, 7 ga Mayu

Na je Sersouf. Na gaya wa Gwamma Zainaba zan gani, kuma gaskiya ne. Na tarar da Sa'idu a tsakar gida, akwatin a gabansa, yana murɗawa yana kaɗa waya ɗaya. Ya yunƙura zai kashe, na ce ya bari, ba ya damuna. Na zauna bakin ƙofa da yarinyar a kafaɗa.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ta Baƙo ta fi wannan nauyi."

Ban san nauyin murya ba. Na ce to, ya ƙara mata. Ya ƙara. Ya girgiza kai, ya sake.

Har aka kira magariba ban tashi ba. Butik a rufe wuni guda. Ya ce Juma'a mai zuwa ma yana gida. Zan ga yadda kasuwa ta yi.