Filin Kwandonmu Ya Koma Wurin Shanyar Gyaɗa

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya aiki, ya Anti Zulai da yara? Mu nan Gwaram lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ka tuna musunmu kan ƙungiyoyin ƙwallon kwando na Amurka? Ka dage cewa tara gwanaye wuri ɗaya ke jawo 'yan kallo. To, zo ka gani! Wani Alhaji a Birnin Kudu ya kwashe gwanayenmu kaf, ya haɗa da na ƙungiyarsa. Ranar Asabar suka zo buga wasa da mu, suka yi ta lallasa mu. Wallahi kafin hutun rabin lokaci mutane sun watse, har mai rake ya tura baronsa ya yi gaba. Na tare Malam Isa maƙwabcinmu, na ce, "Haba Malam, tun yanzu?" Ya ce, "Sani, me zan tsaya kallo? Tun daga gida na san ƙarshensa."

Yanzu ba mai zuwa atisaye. Simintin filin da kuka zuba da hannunku, gyaɗa ake shanyawa a kai.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In ka tashi ba ni amsa, ka faɗa min: ina 'yan kallon naka?

Ƙaninka,
Sani