Taɓarya a Madadin Kalangu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Malam, ya yara? Mu nan Dauran lafiya lau.

Tun zuwan Shari'a makaɗa suka daina shigowa biki, Inna ta ce rawar kakarmu ta mutu ke nan. Na ce ba dai ina raye ba. Ƙanana ba wuya, da na yi tafi sai su hau rawa. 'Yan mata kuwa kunya ke hana su, sai na miƙa musu taɓarya mu yi lugude. Kafin gero ya daku ƙafarsu ta kama. Jiya Inna da kanta ta ajiye sandarta ta gyara musu taku.

Ki sa mu a addu'a, ki gai da kowa. Taɓaryarki na jiran ki.

Ƙanwarki,
Rabi