Rabon Chinyere a Cikin Agwagi

Fagge, Kano
Watan Sha'aban, 1953

Zuwa ga uwargidana Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da nauyin jiki. Yaya zafin Nguru? Yaya Inna da Baba? Goni, kai da za ka karanta wa ƙanwarka wannan takarda, sannu da ƙoƙari, amma ka karanta yadda na rubuta, ban da ƙarin gishiri.

Ni dai lafiya lau, sai dai agwaginki sun hana ni sakat. Kin tafi goyon ciki kin bar ni da jaraba. Ni tela ne, Falmata, ba makiyayi ba. Da na zauna kan keke a zaure sai toron nan mai jar fuska ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana huci, yana kaɗa wutsiya, yana miƙa wuya gaba yana maido shi. Da fari na zaci faɗa yake nema, har na ajiye masa sanda, ashe wai gaisuwa ce da roƙon dusa. Tsuntsun da ba ya kuka sai huci, ina dalili! Tsakar gidan nan da kike sharewa fes kuwa, kada ma ki tambaya. Abu ɗaya na yaba musu, ƙudaje sun ragu, don cafke su suke tun suna sama.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Farar macen nan ce, wadda ƙawarki Chinyere mai manja ta ba ki kiwo a kan in ta ƙyanƙyashe ku raba 'ya'yan. Ɓata ta yi ɗungum. Na duba bayan randa, na duba ɗakin girki, har rijiya na leƙa. Maƙwabcinmu Sammani ya ce in haƙura, ta riga ta shiga tukunyar wani. Can da hantsi sai ga ta ta diro daga kan katanga, ƙirji a fige, gashi a tsaye. Ta ci tsaki a gurguje, ta faɗa kaskon ruwa ta yi wanka, kafin in ankara ta tashi fir. Washegari ma haka.

Da abin ya ishe ni na bar ɗinki na bi ta da gudu, babba da ni, hula a hannu, mutane suna kallo. Ta ƙetare titi ta sauka Sabon Gari, gidan su Chinyere. Mijinta Nwabueze kafinta yana ganina ina haki ya ajiye zarto ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ja hannuna zuwa bayan shagonsa, ƙarƙashin tarin katako. Ga ta nan kwance kan ƙwai, ta kewaye su da gashin da ta fige daga ƙirjinta. Ashe ba cuta ba ce, shimfiɗa take yi wa 'ya'ya. Chinyere ta ce a nan aka ƙyanƙyashe ta, shi ya sa ta dawo. Ci a gidan miji, haihuwa a gidan uwa. Na ce to, ashe ita ma goyon ciki ta tafi.

Na so in kwaso ta da ƙwan, Chinyere ta hana. Ta ce in aka taɓa sheƙar yaji za ta yi ta bar su, kuma kwancin agwagwa ya fi na kaza daɗewa, sai dai a jira har cikin azumi. Nwabueze bai bar ni na tafi ba sai da ya zaunar da ni ya ba ni goro, yana ta tsokanata da Hausarsa mai daɗi wai matata ta tafi, agwagwata ma ta gudu, lalle da abin da nake yi musu. Suna gaishe ki ƙwarai. Chinyere ta ce ranar suna ita ce a kan tukunya, kowa ya matsa.

Ki gaishe da mutan gida baki ɗaya. Allah Ya sauke ki lafiya.

Naki,
Kyari

Fagge, Kano
Farkon azumi

Zuwa ga Falmata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da abin da ke cikinki, da Inna da Baba da Goni. Yaya ibada? Ke dai kada ki matsa wa kanki da azumi, ki ji maganar Inna.

Na san labari ya riga takardata isa Nguru, don bakin fasinja ya fi jirgin sauri. To gaskiya ne, Kano ba lafiya. Rigimar 'yan siyasa ce ta taso, ni ban san kanta ba ban san gindinta ba. Mu dai mun ga mutane suna gudu da sanduna da adduna, hayaƙi yana tashi ta Sabon Gari, yana tashi ta nan wajenmu. Isyaku mai ruwa, wanda yake kawo mana garwa kullum, jiya aka kawo gawarsa muka yi masa sutura. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu an ja waya mai ƙaya tsakaninmu da Sabon Gari, 'yan sanda da sojoji sun tsaya, ba shiga ba fita. Ni ban taka wajen faɗan ba, wallahi. Sammani ya zo ya buga ƙofa wai in fito a kare unguwa, na ce ni almakashi kaɗai na iya riƙewa. Ya kira ni matsoraci ya wuce da gorarsa. Na ji, na yarda.

Na san abin da ke cin ranki, shi ne ke cin nawa: su Chinyere. Ba wanda zan aika, ba wanda zan tambaya. Na je bakin waya na roƙi wani ɗan sanda, ya daka mini tsawa ya nuna mini hanyar gida.

Amma saurara ki ji ikon Allah. Agwagwarki ba ruwanta da waya. Washegarin ranar da aka fara, na zauna tsakar gida na zuba wa katanga ido. Hantsi yana yi sai ga ta ta diro. Na kama ta na duba ciki da bai, ba ƙuna, ba rauni, ba ƙaurin hayaƙi. Ta ci, ta yi wanka, ta tashi ta koma. Kin tuna Chinyere ta ce ko taɓa sheƙar aka yi barinta za ta yi? To da an ƙone gidan ko an farfasa shi, me za ta koma yi? Kullum haka take, zuwa da komawa, kuma da saurinta kamar da. Duk sanda na ga ta tashi ta nufi can sai in ji sanyi a raina, in ce alhamdu lillahi, yau ma gidan yana tsaye.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci, ki yi barci. Ina tabbatar miki su Chinyere lafiya suke. Ni da nake tsine wa tsuntsuwar nan, yau ita ce 'yar aikena, har ragowar kunun buɗa-baki nake ajiye mata.

Ku taya mu da addu'a. Allah Ya kawo ƙarshen fitina.

Mijinki,
Kyari

Fagge, Kano
Tsakiyar azumi

Zuwa ga Falmata,

Assalamu alaikum. Yaya jikinki, yaya Inna da Baba? Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Goni, ka fara karantawa a zuci, sa'an nan ka kira Inna ta zauna kusa da ita.

Bayan takardata ta baya, agwagwa ta daina zuwa. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, washegari ma shiru. Na kasa ɗinki, har na ɓata wa wani bawan Allah wuyan rigarsa ta sallah. Ana buɗe hanya na sa takalmi. Abin da na gani a titi ba na faɗa wa mai ciki ba ne, shaguna ƙurmus, ƙofofi a ɓalle, kowa yana kallon kowa a ɗage. Amma da na karya kwanar su Chinyere sai ga gida cif, ko kwanon rufi ɗaya bai faɗi ba. Na yi hamdala da ƙarfi. Na zaga bayan shago, ga gimbiyar taki tana taƙama, 'ya'ya sun biyo ta, rawaya da baƙi, kamar an zubar da auduga. Ashe in ƙyanƙyasa ta zo ko ci ba ya tashe ta. Na yi dariya ni kaɗai, na shiga ƙwala wa Nwabueze kira ya fito mu sha kallo.

Chinyere ce ta fito, cikin baƙaƙen kaya, kanta a aske. Ban gane ta ba sai da ta buɗe baki. Falmata, Nwabueze ya rasu. Tun ranar farko ya fita kai wa wani ƙofar da ya ƙera, aka tare shi a hanya. Sanda nake rubuta miki cewa lafiya suke, mutumin yana cikin ƙasa. Agwagwa ba ta yi mini ƙarya ba, sheƙarta ta sani, sheƙar kuma tana nan. Ni ne na ɗauka in katako yana nan mai katako ma yana nan. Ki yafe mini, na sa ki murnar da ba ta da tushe.

Na yi wa Chinyere ta'aziyya. Ita kuwa ko hawaye babu, sai tambayata take ko kin sauka, ko ƙafarki ta daina kumburi. Wannan ne ya karya ni, na yi kuka a gaban mace ban ji kunya ba.

Dangin mijinta za su tafi da ita da ɗanta Okechukwu garinsu, a jirgin jibi. Ta ɗauko kwando ta zuba mini uwa da 'ya'ya. Na ce a raba yadda kuka yi alkawari, ta ce ba a raba jarirai da uwarsu, ki riƙe mata rabonta har ta dawo. Ƙasa take kallo sanda take faɗa, ni ma ƙasa nake kallo.

Har na juya ta sake kirana. Ta ce a kwanakin nan, in kukan mata ya ishe ta a ɗaki, bayan shago take komawa ta zauna. Tana ganin agwagwa ta tashi ta nufi Fagge sai gabanta ya faɗi. In ta dawo da ciki cike, gashi a jiƙe, sai ta ce wa ranta, to, mijin Falmata yana da rai, tunda akwai mai zuba dusa. Ta ce in gaya miki wannan kaɗai ne abin daɗin da ta samu. Ashe mu biyu tsuntsuwa ɗaya muke kallo, ita nata ya zama gaskiya.

Ga su nan tsakar gida, suna bin uwarsu suna koyon kama ƙuda. Ɗazu Sammani ya leƙo da fara'arsa, ya ce in sun girma yana son biyu. Ban san inda gorarsa ta sauka ba, ba na iya tambaya, ba na kuma iya kallon idonsa. Na ce masa da mai su.

Ki yi haƙuri, ki kula da kanki. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya dawo mini da ke.

Mijinki mai kewarki,
Kyari