Na Jefar da Tara Biyu, Na Dawo Gida da Ƙarya

Mma Seipone, don Allah ki taimake ni, wata guda ke nan abinci ba ya mini daɗi.

Ni malamar koyar da tuƙi ce a Gaborone, shekarata arba'in da shida. Duk Asabar da rana mu goma sha biyu muke haɗuwa a garejin Rra Mogotsi, tsohon malamin lissafi, muna karta irin ta poka. Shi ya koya mini tun ban san riƙon kati ba. Bana ƙungiya ta zaɓe ni na wakilce ta a wata gasa a Johannesburg. Har tasha suka rako ni.

Rana ta biyu ƙwandalolin wasa da ke gabana suka kusa ƙarewa, abin da ya rage bai wuce ninki takwas na babban zubin dole ba, wato abin da ake tilasta wa mutum ya zuba in layi ya zo kansa. Ni ce ta farko da zan yi magana, mutum bakwai na jira a bayana. Na leƙa katina: biyu ne, kowanne mai lamba tara. Rra Mogotsi ya sha faɗa mana a irin wannan a tura duk ƙwandalolin lokaci guda. Amma sai fuskokin ’yan ƙungiyarmu suka faɗo mini a rai, na jefar da katin. Zubin dole ya yi ta cina, daga ƙarshe na shiga da katin banza aka kore ni.

Da na dawo sai na ce musu na tura duka da tara biyun, wani ya doke ni da katin sarki biyu. Suka yi mini dakakken nama da tuwon masara. Yanzu duk Asabar tsohon nan sai ya nuna ni yana cewa a yi koyi da zuciyata. Ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. In faɗa ne, ko in daina zuwa?

Wadda ta ji tsoro, Gaborone

’Yar’uwata, sannu. Tsoronki ba na wauta ba ne. Mai magana da fari yana cikin duhu, mutum bakwai kuwa suna iya riƙe da komai. Da ƙaramin kati ne a hannunki, da jefarwar ce daidai.

Amma tara biyu da zubi takwas, turawa ake yi. Rabon kati biyu masu zuwa zubin dole ne a kanki, bayansu abin da ya rage ba zai tsorata kowa ba. Ko da an doke ki, da shawarar ta yi kyau. Kin sani ma, shi ya sa ƙaryarki ta ɗauki wannan siffa. Mutum goma sha ɗaya kika ɗauko a ka kika zauna da su a teburin, ina ba za ki ji nauyi ba?

Kada ki daina zuwa. Ki sami Rra Mogotsi shi kaɗai kafin Asabar, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, ba ragi. Zai iya jin ciwo, ki bar shi ya ji. Malami ne, ya ga ɗaliban da suka san amsa alƙalami ya ƙi motsi. Sauran kuma ki gaya musu da bakinki kafin a raba kati.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya. Ki je gobe, kada ki jira jibi.

Mma Seipone